Kyauta, Riba da Amana: Nazarin Rigingimun Kuɗi a Shafukan Intanet na Masoya Adabi

1.0 Gabatarwa

Tun daga tsakiyar shekarun 1990, lokacin da intanet ya shiga gidajen jama'a a Amurka da ƙasashen Turai, masoya littattafai da fina-finai da wasannin kwamfuta suka sami sabon dandalin haɗuwa. Sun kafa shafuka nasu na kansu inda suke tara bayanai a kan abin da suke so, suna yin sharhi, suna kuma ƙaga sababbin labarai a kan taurarin da wasu marubuta suka riga suka ƙirƙira. Mafi yawan waɗannan shafuka 'yan sa kai ne ke tafiyar da su ba tare da albashi ba. Duk da haka, da dama daga cikin manyansu sun yi fama da rigingimu masu zafi a kan kuɗi.

Manufar wannan maƙala ita ce bayyana tushen waɗannan rigingimu da nau'o'insu, ta hanyar duba wasu fitattun misalai daga duniyar masu magana da Ingilishi. Abin da maƙalar ke son nunawa shi ne, rigima takan tashi ne a lokacin da aka mayar da aikin da jama'a suka yi kyauta ya zama haja, ko aka riƙe dukiyar da suka tara, ba tare da an baje musu komai a faifai ba. Batun ya shafi masana harshe, domin waɗannan shafuka suna cikin manyan rumbunan rubutu na wannan zamani, kuma ɗorewarsu ta dogara ne a kan amanar da ke tsakanin masu rubutu da masu riƙe da rumbun.

2.0 Masoya da Tsarin Kyauta

A nan, kalmar "masoya" tana nufin mutanen da sha'awar wani littafi ko fim ko wasa ta haɗa, har suka zama jama'a guda mai al'adunta da kalmominta. Henry Jenkins, a littafinsa Textual Poachers na 1992, ya nuna cewa irin waɗannan mutane ba su tsaya ga karatu da kallo kawai ba, su ma masu ƙirƙira ne. Karen Hellekson kuwa, a wata maƙala ta 2009, ta bayyana mu'amalarsu a matsayin tsarin musayar kyauta, inda ta bi sawun tunanin da Marcel Mauss ya kafa a 1925, cewa kyauta tana ɗora wa mutum nauyi uku: bayarwa da karɓa da ramawa. Marubuci ya ba da labari, mai karatu ya rama da yabo ko sharhi, wani kuma ya gyara kurakuran rubutu ko ya zana hoto. Abin ya yi kama da aikin gayya, wanda kowa ke zuwa da fartanyarsa bisa sanin cewa gobe za a zo masa.

Akwai dalili na biyu da ya sa masoya ke gudun kuɗi, wato dokar haƙƙin mallaka. Taurarin da suke rubutu a kansu mallakar wasu marubuta ne ko kamfanoni. A dokar Amurka, ɗaya daga cikin abubuwan da kotu ke dubawa kafin ta halatta amfani da aikin wani shi ne ko an yi shi don neman riba. Saboda haka, rashin karɓar kuɗi ya zama garkuwa ga masoya.

To amma shafin intanet ba ya tafiya da yabo. Dole a biya kuɗin manyan kwamfutocin da ke ɗauke da shi, da kuɗin rajistar suna, da na tsaro, wani lokaci har da na lauya. Gwargwadon ƙaruwar masu ziyara, gwargwadon ƙaruwar ɗawainiya. Hanyoyin samun kuɗin kuwa ba su wuce uku ba: sayar da abin da aka tara, ko sanya talla, ko neman gudummawa. Kowace hanya tana da irin rigimar da take haifarwa, kamar yadda za a gani a ƙasa.

3.0 Nau'o'in Rigima

3.1 Mayar da Aikin Kyauta Haja

Misali na farko shi ne shafin Harry Potter Lexicon, wanda Steve Vander Ark, wani ma'aikacin laburare a jihar Mishigan, ya kafa domin tara bayanai a kan littattafan J. K. Rowling. Muddin shafin yana kyauta, marubuciyar ba ta yi ƙorafi ba, har ma ta yaba masa a fili a 2004. Amma da kamfanin RDR Books ya shirya buga abin da ke shafin a matsayin littafin sayarwa, sai ita da kamfanin Warner Bros. suka shigar da ƙara a watan Oktoba na 2007. A watan Satumba na 2008 wata kotun tarayya da ke New York ta hana buga littafin a yadda yake, ta kuma yanke diyyar dala 6,750. An buga wani gyararren littafi a 2009. Abin lura a nan shi ne, bayanan da ke shafin da waɗanda aka so a buga kusan ɗaya ne. Abin da ya sauya shi ne matsayinsu, daga kyauta zuwa haja.

Misali na biyu ya fi fito da matsalar fili. A 2007 wani kamfani mai suna FanLib ya buɗe rumbun ƙagaggun labaran masoya da jarin dala miliyan uku, da nufin samun riba ta hanyar talla da ƙulla yarjejeniya da kamfanonin fim da na littattafai. Da marubuta suka karanta sharuɗɗan shiga, sai suka ga cewa ribar ta kamfani ce, amma idan mai haƙƙin mallaka ya kai ƙara, marubucin ne zai ɗauki alhaki. Wato dai kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Abin da ya ƙara dagula lamarin shi ne, mafi yawan marubutan mata ne, alhali shugabannin kamfanin maza ne da ba su fito daga cikinsu ba. Marubuta da yawa suka ƙaurace wa shafin, kuma aka rufe shi a watan Agusta na 2008.

3.2 Talla da Mallakar Gida

Nau'i na biyu ya shafi shafukan da masoya ke rubutawa amma kamfani ke ba su masauki. Mafi girma a wannan fage shi ne wanda Jimmy Wales da Angela Beesley suka kafa a 2004 da sunan Wikicities, ya koma Wikia a 2006, daga baya kuma ya zama Fandom. Yarjejeniyar a sauƙaƙe take: kamfani ya ba da wuri kyauta, masoya su cika shi da bayanai, kamfani ya sanya talla ya ɗauki kuɗin. Matsalar ita ce, masu rubutun ba su da ta cewa a kan yawan tallar ko fasalin shafin, kuma ba a gaya musu abin da guminsu ya samar.

A 2010 editocin kundin wasan World of Warcraft suka tashi daga Wikia bayan an sauya fasalin shafuka ba da yardarsu ba, suka kafa Wowpedia. A ƙarshen 2018 aka sanar cewa Fandom zai sayi kamfanin da ke ba su sabon masauki, sai ga su sun koma gidan da suka baro. A 2023 suka sake tashi. Editocin kundin RuneScape sun fita a 2018, na Minecraft kuma a watan Satumba na 2023. A wannan shekarar ne kuma aka maye gurbin wani shafi da masoya suka rubuta a kan ɗaya daga cikin taurarin tallan McDonald's da rubutun da kamfanin ya biya aka sanya, abin da ya nuna wa editoci da yawa iyakar ikonsu.

Abin da ya ba da damar wannan ƙaura shi ne lasisin Creative Commons da ake rubutun a ƙarƙashinsa, wanda ya halatta wa kowa ya kwafi abin da aka rubuta idan zai ambaci masu shi. Sai dai ƙaurar ba ta cika ba, domin tsohon shafin yakan ci gaba da zama a hannun kamfani da tallarsa, kuma sau da yawa shi manhajar bincike ta Google ke fara nunawa. Ke nan editoci sukan tafi da rubutu, amma masu karatu sukan daɗe ba su biyo su ba.

3.3 Gudummawa da Bayanin Asusu

Rigimar FanLib, tare da goge ɗaruruwan shafuka da kamfanin LiveJournal ya yi a watan Mayu na 2007, ta sa wasu marubuta, cikinsu har da Naomi Novik, suka yanke shawarar cewa dole masoya su mallaki rumbunsu da kwamfutocinsa. Daga nan aka kafa ƙungiyar Organization for Transformative Works, wadda ake taƙaitawa OTW, a 2007. Rumbunta mai suna Archive of Our Own, wato rumbun kanmu, ya buɗe wa jama'a ƙofa a watan Nuwamba na 2009. An gina shi a kan ƙa'idar rashin talla da hana marubuta neman kuɗi ta cikinsa, da dogaro da gudummawa. Wanda ya ba da dala 10 ya zama mamba mai ikon zaɓen hukumar gudanarwa. Rumbun ya ci kyautar Hugo a 2019, kuma ayyukan da ke cikinsa sun haura miliyan goma a 2022.

Ana iya zaton cewa wannan tsari ya kawar da rigima, amma ba haka abin ya kasance ba. A lokacin zaɓen 2015, mambobi sun yi ta tambayar dalilin da ya sa ƙungiyar da ke karɓar dubban daloli ba ta fitar da kasafin kuɗi. Bayan zaɓen, a watan Nuwamba, sai hukumar ta naɗa ɗaya daga cikin 'ya'yanta, wadda ta zo ta ƙarshe a ƙuri'a, a kan wata kujera da ba kowa. 'Yan sa kai da mambobi suka yi caa, kuma cikin ɗan lokaci dukkan tsofaffin 'yan hukumar suka yi murabus, suka bar sababbin zaɓaɓɓu biyu. Daga 2016 ƙungiyar ta shiga wallafa kasafin kuɗinta.

Wallafa kasafi ya sauya salon tambayar, bai kashe ta ba. A neman gudummawar watan Afrilu na 2020, an nemi dala 130,000 amma aka sami fiye da dala 450,000. Da rarar ta yi ta taruwa, sai wasu suka fara tambayar dalilin ci gaba da neman taimako, da dalilin barin aiki mai nauyi a wuyan 'yan sa kai. A 2023 wasu masoya suka yi gangami suna neman ƙungiyar ta cika alkawuran da ta ɗauka a 2020 game da magance wariyar launin fata, har da ɗaukar ƙwararre da kuɗin da ke asusu. Masu kare ƙungiyar kuwa suna ganin cewa ajiya ita ce kariyar rumbun da ba shi da talla, idan ƙara ko hari ya taso.

4.0 Abin da Misalan Suka Nuna

Idan aka yi la'akari da misalan da suka gabata, za a ga tambayoyi huɗu suna maimaita kansu. Ta farko, wa ya mallaki rubutun da sunan shafin da kwamfutocinsa? Ta biyu, wa ke da ikon ganin abin da ya shigo da abin da ya fita? Ta uku, wa ke zaɓen masu riƙe da asusu, kuma wa ke iya sauke su? Ta huɗu, idan an ɓata, shin mutum zai iya tafiya da aikinsa? Marubutan FanLib ba su da abin yi sai ƙauracewa. Editocin Fandom suna da ikon fita amma ba su da ikon gani ko zaɓe. Mambobin OTW suna da ƙuri'a, ga kuma dokar Amurka da ta wajabta wa irin wannan ƙungiya bayyana rahoton harajinta ga jama'a. Wannan ne ya sa rigimarsu ta ƙare da sauya shugabanni, rumbun kuma ya tsira.

Ta fuskar harshe kuma, akwai abin dubawa a ma'anar kalmomin da ɓangarorin ke amfani da su. Abin da marubuci ke kira labarina, kamfani kan lasafta shi a cikin kayan da ke jawo talla. Wanda ke ɗaukar kansa ɗan gida, takardar sharuɗɗa kan kira shi mai amfani da shafi. Kalmar gudummawa ma tana ɗauke da fahimta biyu: a wajen doka, kyauta ce da ta fita daga hannun mai ita, a wajen mai bayarwa kuwa, amana ce da yake da haƙƙin bin sawunta. Yawancin zafin da ake gani a waɗannan rigingimu daga wannan giɓi na ma'ana yake fitowa.

5.0 Kammalawa

Wannan maƙala ta bayyana yadda shafukan masoya suka ginu a kan tsarin kyauta, da yadda buƙatar kuɗi ke jefa su cikin rigima ta hanyar sayarwa ko talla ko gudummawa. An ga cewa babu ɗaya daga cikin hanyoyin uku da ta kuɓuta daga saɓani, amma sakamakon saɓanin ya danganta da irin ikon da masu aikin suke da shi tun farko. Masanan da ke tara ƙamus ko adabin baka ko taskar rubutu ta harsunan Nijeriya da taimakon 'yan sa kai za su fuskanci waɗannan tambayoyi huɗu ko ba daɗe ko ba jima. Zai fi kyau a rubuta amsoshinsu, a kuma sanar da duk mai ba da gudummawa, tun kafin kuɗi su fara shigowa.