Akurkin Kaza Mai 'Yan Tsaki

Sau da yawa mukan ga kaza ta yi kwana 21 tana kwanci, ta ƙyanƙyashe 'yan tsaki goma ko fi, amma kafin wata ya ƙare ba sauran ko uku. Sai mai gida ya ce rabo ne. To, galibin hasarar nan daga rashin makwanci take. Da rana shirwa ta sura, da dare muzuru da gafiya su ɗauka, raɓa kuwa ta gama da sauran, gama ɗan tsako ba ya iya jure sanyi sai gashinsa ya fito, wajen mako shida.

Maganin abin ba shi da tsada. A ware wa uwar akurkinta dabam, a tudu inda ruwa ba ya kwanciya, da ƙofa mai rufuwa da 'yan kafofin iska. A shimfiɗa ƙaiƙayi busasshe, a riƙa sharewa ana barbaɗa toka saboda ƙuma. Da hantsi a kife su da babban kwando a inuwa, a ba su ɓarzajjen gero da gara. Ruwan sha kuwa a kasko marar zurfi, a jefa tsakuwa ciki kada su nutse.

Muna roƙon malaman makaranta da ma'aikata su fara gwadawa a gidajensu, gama abin da talaka ya gani da ido shi yake kwaikwayo.