Fitilar Da Ake Ɗaurawa A Ƙaramar Bindiga

A ƙasar Amurka doka ta yarda mutum ya ɗauki ƙaramar bindiga, watau fistol ko libarba, ya ɓoye ta cikin tufafinsa don tsaron kai. Jihar Ilinoi ita ce ta ƙarshe da ta yarda da haka, a shekarar 2013. Da yake yawancin abin tsoro da dare ya kan zo, sai maƙera suka ƙera wata 'yar tocila wadda ake ɗaurawa a ƙarƙashin bakin bindigar. Amfaninta ɗaya ne, watau mutum ya tabbata ko wane ne a gabansa kafin ya taɓa kunama. An sha harbin ɗan gida cikin duhu, ana zaton ɓarawo ne.

Mai zaɓen fitila ya kan fara duban bindigarsa. Wasu suna da doron ƙarfe mai tsaga-tsaga da ake kira Picatinny, wanda sojan Amurka suka tsayar da ma'auninsa a 1995. Waɗanda ba su da shi sai a nemi fitilar da ke kama kewayen kunama, irin Streamlight TLR-6. Sa'an nan girma. Babbar fitila kamar SureFire X300 haskenta da ƙarfi, amma ta kan zarce bakin gajeriyar bindiga ta tokare riga, ga nauyi, har mai ita ya gaji ya riƙa barinta a gida.

Ana auna haske iri biyu. Lumen shi ne yawan hasken duka, kandela kuwa ƙarfin tsakiyarsa, wanda ke kai shi nesa. A cikin ɗaki haske mai faɗi ya fi, gama mai tsananin ƙarfi in ya bugi farin bango sai ya dawo ya kashe wa mai shi ido.

Abin da mutane suka fi mantawa shi ne kube. Tsohon kuben ba zai karɓi bindiga mai fitila ba, tilas a sayi wanda aka yi domin wannan bindiga da wannan fitila. Kuma da yake fitilar ta kan faɗaɗa bakin kuben, lalle a duba kada a bar kafar da yatsa ko gefen riga zai shiga ya ja kunama. Maɓallin kunnawa kuwa, malaman harbi da yawa sun fi so a danna shi da babban yatsan ɗaya hannun, don yatsan harbi in ya saba da aiki biyu, ranar firgita ya kan rikice.

Amma fa babban aibin wannan fitila shi ne, duk inda aka haska can bakin bindiga ya nufa. Saboda haka ba a neman makulli ko leƙa zaure da ita. Tocilar hannu ake riƙewa dabam.

Ya kamata hakimai da malamansu su sani, wannan al'ada ba ta shafi Nijeriya ba. Dokar Bindigogi ta 1959 ta sa fistol da libarba cikin makaman da aka hana, ba mai riƙe su sai da lasin daga Shugaban Ƙasa. Wanda ya zo neman bayani a kan haka, sai a tura shi ofishin 'yan sanda.