BAYAN ƘASHI YA HAƊE, SAURA ME?

A ziyarce-ziyarcen da muke yi a ƙauyuka, muna yawan tarar da waɗanda suka karye a haɗarin babur, ko faɗowa daga itace. An yi ɗori, ƙashi ya haɗe, amma mutum bai iya riƙe fartanya ko kai loma baki. Iyali kuwa sai su ce ai ya warke, lalaci ne kawai. Jama'a, haɗewar ƙashi dabam, komawa aiki dabam.

Akwai ma'aikacin lafiya da aikinsa ke nan, wato mai horar da majinyaci kan ayyukan yau da kullum, wanda a asibiti ake kira okupeshonal tarafis. Mai gashin ƙashi yakan fi kula da motsin gaɓa da tafiya. Shi kuwa wannan, damuwarsa ita ce ko mutum zai iya wanka, cin abinci, sa riga, zuwa bayan gida da neman abin kansa. Idan an kai majinyaci babban asibiti irin Asibitin Ƙashi na Dala a Kano, a tambaya ko akwai wannan ma'aikaci.

Kafin ya fara horo, sai ya yi bincike tukuna. Ga abubuwan da yake dubawa:

1. Hira. Zai tambayi sana'ar majinyaci, da hannun da ya fi amfani da shi, da abin da ya fi matsa masa. Bukatar tela ba ɗaya take da ta manomi ko mai daka ba.

2. Motsin gaɓa. Yana da ma'auni mai kama da rula biyu a haɗe, wanda ke auna lanƙwasawa. Gwiwar hannu mai lafiya takan lanƙwashe zuwa wajen digiri 145. Yawancin ayyukan gida na bukatar daga digiri 30 zuwa 130. Hannun da bai lanƙwashe sosai ba, da wuya ya kai baki.

3. Ƙarfi. Ana ba tsoka maki daga 0 zuwa 5. Sifiri na nufin babu motsi ko kaɗan, 3 na nufin mutum na iya ɗaga hannun da kansa, 5 kuwa cikakken ƙarfi ne. Ana kuma gwada damƙa da riƙon yatsu.

4. Ji, ciwo da kumburi. Karaya takan taɓa jijiya. Yatsan da ba ya ji zai iya ƙonewa a murhu ba tare da mai shi ya sani ba.

5. Aiki a aikace. Za a ce ya ɓalle maɓalli, ya ɗauki buta, ya tashi daga kujera. Akwai ma'aunin Barthel na 1965 da ke duba ayyuka 10, kamar ci, wanka da hawa matakala, a ba da maki har 100.

6. Gida. Masai na tsuguno ne? Tabarma ake kwana ko gado? Rijiya tana da nisa? Wanda aka yi wa aikin kwatangwalo akan hana shi tsuguno da zama a ƙaramar kujera na ɗan lokaci, don haka kujera mai rami a kan masai za ta taimaka ƙwarai.

Me ya rage gare mu? Na farko, majinyaci ya faɗi gaskiya. Da yawa kan ji kunyar cewa ba sa iya tsarki da kansu, alhali wannan shi ne abin da ma'aikacin ke son ya ji don ya nemo dabara. Na biyu, mai jinya ya raka shi, domin shi ya san yadda gida yake. Na uku, kada tausayi ya sa mu yi masa kome da kome, gama gaɓar da ba a motsa ta takan sandare.

Abin lura: idan yatsu suka yi sanyi, suka canja launi, suka daina ji, ko ciwo ya tsananta bayan ɗori ko siminti, kada a jira gobe. A garzaya asibiti nan take, domin ɗauri mai tsauri na iya tare jini har a rasa hannun.

Muna roƙon masu aikin sa kai su karanta wa iyalan majinyata wannan bayani.