Fyaɗe: Wa Aka Fi Farauta, Kuma Don Me?

Duk sanda labarin fyaɗe ya tashi, nasihar da ake yi wa mata ɗaya ce: a suturta jiki, a daina fitar dare, a guji keɓewa da namiji. Ba a ce nasihar banza ba ce, amma ta ɗauka cewa kowa yana da zaɓi. Yarinyar da aka ɗora wa farantin talla aka ce kada ta dawo da saura, ina nata zaɓin? Mai fyaɗe ba ido rufe yake faɗa wa mutane ba, lissafi yake yi: wa za a yarda da maganarta, wa ke da mai tsaya mata, wa ke cin abinci a hannunsa. Kura ma ta san gidan mai babbar sanda.

Binciken da Hukumar Ƙidaya ta Nijeriya ta yi da tallafin UNICEF a 2014 ya nuna cewa mace ɗaya cikin huɗu, da namiji ɗaya cikin goma, sun gamu da cin zarafi ta hanyar lalata kafin su cika shekara 18. Adadin ya isa tayar da hankali, sai dai jimla ce, kuma jimla takan ɓoye inda nauyin ya fi sauka.

Mu fara da masu buƙata ta musamman, don su aka fi mantawa. Wani nazari da mujallar likitoci ta Lancet ta buga a 2012 ya gano cewa haɗarin irin wannan cin zarafi da yaro mai naƙasa yake ciki ya kusa ninka na sauran yara sau uku, idan kuwa lalurar ta ƙwaƙwalwa ce, ya haura ninki huɗu. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. A ce yarinya kurma ce, an yi mata ta'asa, ta dawo gida tana kuka tana nuni da hannu. Uwarta ta fahimci rabi. An je ofishin 'yan sanda babu tafintan maganar hannu, an je asibiti haka, kotu kuwa tana son jin yadda abin ya faru daki-daki daga bakinta. Makauniya za a tambaye ta yadda ta gane shi. Mai taɓin hankali kuma tun kafin ta buɗe baki an yanke cewa shirme take yi, sai ciki ya bayyana a fara salati, alhali duk unguwa an san masu zarya a kangon da take kwana. Abin da ya fi ciwo, sau da yawa mai laifin shi ne mai kai ta makaranta ko mai tura mata keke, wanda iyali ke ganin taimako yake yi. An sa hannu a dokar hana nuna wa naƙasassu wariya a farkon 2019, amma doka a takarda ba ta yin tafinta.

A sansanonin 'yan gudun hijira kuwa, yunwa ce makamin. A 2016 ƙungiyar Human Rights Watch ta tattara bayanan mata da 'yan mata 43 a sansanoni bakwai na Maiduguri, waɗanda aka yi wa fyaɗe ko aka yi lalata da su ta hanyar yaudara. Waɗanda suka zarga sun haɗa da shugabannin sansani, 'yan banga, 'yan sanda da sojoji. Wasu da alkawarin aure aka ja su, wasu da abinci ko ɗan kuɗi, da ciki ya shiga aka watsar da su. Matar da Boko Haram ta kashe wa miji, ga 'ya'ya, ga ƙofar sansani ba ta fita sai da izini, idan mai rabon hatsi ya ce ta same shi da dare, kada wani ya kira wannan amincewa. Ƙara kuma wa za ta kai wa, tunda mai tsaron ƙofar yana cikin waɗanda ake zargi?

'Yar aikin da aka ɗauko daga ƙauye ita ma a hannun mai gida take ci take kwana, albashinta ma wata dillaliya ke karɓa. In ta yi magana, sai a ce ta yi sata a mayar da ita gida.

Yara maza nasu shirun daban ne. Almajirin da ke kwana a zaure ko tasha, iyayensa suna wani gari, ba shi da wanda zai gaya wa, kuma kunya ta riga ta ɗaure masa baki. Dokar hana cin zarafin mutane (VAPP) ta 2015 ta amince cewa namiji ma ana yi masa fyaɗe, amma mutane da yawa har yanzu abin dariya suke mayar da zancen.

A ganina, babban mai taimakon masu wannan aika-aika shi ne sulhun da ake yi da sunan rufin asiri. Idan mai laifin yana da hali, wadda aka zalunta kuma 'yar talaka ce, sai a taru a zauren mai unguwa, a ba da kuɗin magani, a ce a bar wa Allah. Asirin mai laifi aka rufa, kuma an nuna masa gidan da zai iya komawa. Jihar Kaduna ta tsaurara hukunci a 2020 har da dandaƙa, amma hukunci ba ya hawa kan shari'ar da aka kashe a zaure.

Iyaye, malamai da masu unguwanni, idan yaro ko mai lalura ya kawo irin wannan ƙorafi, ku saurara kafin ku yi tsawa. A garzaya asibiti tun ba a yi wanka ko wanke tufafin ba, domin shaida na jikinsu, kuma maganin kariya daga ƙanjamau sai an fara shi cikin awa 72 yake aiki. Akwai cibiyoyin da aka buɗe don wannan aiki, irin su Waraka a Kano, Salama a Kaduna da Nana Khadija a Sakkwato. Ku nemi sanin wadda ta fi kusa da ku tun kafin buƙata ta taso.