Takarda Biyu a Kan Gona Ɗaya

Tun da aka gama madatsar ruwa ta Goronyo a 1984, fadamun Rima daga Goronyo zuwa Wurno suka ƙara daraja. Akan sami wanda ya sayar wa mutum biyu gona guda, kowanne da takardarsa.

Ƙa'idar da Dokar Rajistar Ƙasa ta 1924 ta kafa ita ce, ƙarfin takarda yana farawa daga ranar da aka yi mata rajista, ba ranar da aka rubuta ta ba. Watau wanda ya saya da rani ya ajiye takardarsa cikin akwati, wanda ya saya da kaka yana iya shan gabansa.

Amma rajista ba ta gyara cinikin da ya ɓaci tun asali. In gonar gado ce ba a raba ba, hatimi ba ya halatta ta. Haka kuma wanda ya biya kuɗi ya shiga yana noma, kotu ba ta korarsa saboda wanda ya saya daga baya yana sane.

Don haka lalle malaman Hakimai na Wurno da Rabah da Goronyo su rubuta ranar kowane ciniki, da iyakoki huɗu, da sunayen shaidu, da wanda aka tarar yana noman gonar.