Daga ɗakin gwaji zuwa kududdufin Ngojin: yadda ake auna gubar maganin feshi ga kifi

Da zarar damina ta kankama a Ngojin, cikin Ƙaramar Hukumar Potiskum ta Jihar Yobe, injin feshi na goyo kan karɓe aikin fartanya a gonakin gero, dawa da wake. Idan an tashi daga aiki, ruwan da ya fi kusa shi ake wanke injin da shi, wato kududdufin da shanu ke sha, yara ke wanka, tarwaɗa ke kwana a taɓonsa. Potiskum kuwa gari ne na kara, ɗaya daga cikin manyan kasuwannin shanu a Afirka ta Yamma, don haka maganin kaska ma yana da tasa hanyar zuwa ruwa.

A jikin yawancin kwalaben akwai wani ɗan hoto: mataccen kifi kusa da busasshiyar bishiya. Wannan alama sakamakon gwaji ce, kuma gwajin yana da ƙa'ida. A tsarin Ƙungiyar OECD mai lamba 203, ana zuba kifaye a tankuna masu ɗauke da sinadarin a matakai daban-daban, a sa musu ido tsawon sa'o'i 96. Adadin da ya kashe rabinsu shi ake kira LC50. Ana yin makamancin haka ga wasu ƙananan halittun ruwa da kifi ke ci, Dafiniya, na sa'o'i 48, sannan gansakuka na sa'o'i 72. Duk sinadarin da ya yi wannan ɓarna a miligiram 1 cikin lita ko ƙasa da haka, tsarin Majalisar Ɗinkin Duniya na rarraba sinadarai yana sa shi a rukunin farko na masu guba ga halittun ruwa. A Turai, idan waɗannan gajerun gwaje-gwaje kaɗai ke hannu, akan raba mafi ƙanƙantar adadin gida 1,000 kafin a kira shi matakin da ba a fargaba.

Bambancin da ke tsakanin magunguna yana da ban tsoro. Sifametirin, wanda ake fesa wa wake, ake kuma yi wa dabbobi wanka da shi, yana kashe wasu kifaye a ma'aunin da bai kai kashi ɗaya cikin ɗari na miligiram a lita ba. Cokalin shayi guda na zallarsa cikin lita miliyan 2 ya isa. Gilaifoset, maganin ciyawar da ya fi yaɗuwa, bai kai nan ba ko kusa, sai dai sinadaran da ake haɗa shi da su don ya kama ganye sukan fi shi illa ga kifi.

A nan gizo ke saƙar. Alƙaluman da ke cikin fayil ɗin rajista galibi daga ɗakunan gwaji na ƙetare suka fito, inda ruwa yake garai, zafinsa a daidaice, kifin kuma sau da yawa na ƙasashen sanyi ne. Kududdufin Yobe ruwa ne mai laka da ɗumi, iskar shaƙa ta yi ƙaranci a cikinsa, yana kuma janyewa da kaka ya bar abin da ke ciki a tattare. Laka takan riƙe wani sinadarin ta rage kaifinsa a ruwa, amma ta adana shi a ƙasa inda tarwaɗa ke kiwo. Masu bincike a jami'o'in Najeriya sun daɗe suna maimaita gwajin a kan tarwaɗa da karfasa, abin yabo ne, ko da yake tarwaɗa kifi ce mai taurin rai, har iskar sarari take shaƙa. Abin da ta jure ba lallai ƙananan kifaye su jure ba. Kwana huɗu kuma ba ya nuna abin da ke samun ƙwai da 'ya'yan kifi bayan watanni.

Tarihin gamalin ya isa shaida. Sinadarinsa, lindan, an kawo shi ne don ƙwarin koko da sauran amfanin gona, ya ƙare a hannun masu zuba shi a koguna don kwasar kifi. Dokar kamun kifi a ruwayen cikin ƙasa ta 1992 ta haramta su da guba, NAFDAC ta sa shi cikin magungunan da ta haramta a 2008, Yarjejeniyar Stockholm ta biyo baya a 2009. Matsalar lindan ita ce daɗewa a muhalli da taruwa a kitsen kifi, abin da gwajin sa'o'i 96 ba a tsara shi ya gano ba.

Ga ma'aikacin tarayya da fayil irin wannan ke ratsa teburinsa, rabon aikin shi ne abin lura. NAFDAC ke yi wa maganin rajista. NESREA, wadda aka kafa a 2007, ita ke da alhakin tilasta bin ƙa'idojin muhalli. Malamin gona da zai gaya wa manomi kada ya wanke injinsa a kududdufi ma'aikacin jiha ne. Arewa da Potiskum kuma akwai dausayin Haɗejiya da Nguru, wanda aka sa a jerin Ramsar a 2000, inda noman rani da su ke raba ruwa ɗaya, kuma bandar kifinsa ke shiga kasuwannin Arewa har zuwa Abuja.