Gaisuwar bidiyo ga ɗan uwa na nesa: inda ake samun tangarɗa

Gaisuwar zagayowar ranar haihuwa ɗan gajeren bidiyo ne, minti ɗaya ko biyu, da iyali ke ɗauka da salula su tura wa nasu da ke nesa, galibi ta WhatsApp. Ta samu shiga a Birnin Konni, Malbaza da Illela saboda jihar Tawa ta Nijar ƙasar 'yan ci-rani ce: gidaje da dama suna da wani a Abijan, Libiya, Aljeriya ko Legas. Kafin zuwan salula, kaset ake cikawa da muryoyin mutanen gida a ba matafiyi. Shi kuwa bikin ranar haihuwa baƙo ne. Abin da Bahaushe ya gada shi ne suna ranar bakwai, kuma akwai malaman da ba su goyon bayan sabon bikin. Don haka matasa ne ke shirya bidiyon, daga baya su jawo manya ciki.

Kuskuren farko yakan faru tun ba a kunna waya ba, wato a kan ranar kanta. Mutane da yawa da aka haifa a ƙauye ba a yi musu takardar haihuwa a kan lokaci ba. Sai da makaranta ko tafiya ta taso aka je kotu aka yi, inda akan rubuta shekara bisa kirdado, sau da yawa kuma a sa 1 ga Janairu. Wannan ranar ce ke shiga Facebook, ita ce kuma ƙanne ke gani su tara gida. Uwa kuwa ta san a lokacin kaka ta haihu, ana yankan gero, ko cikin azumi. Tambayarta kafin a fara ya fi bin abin da waya ta nuna.

Babbar matsalar tana wajen magana. Gaisuwar Hausa ta mutum biyu ce, ana tambaya ana amsawa. Idan aka ɗora wa tsohuwa waya aka ce, "Inna, yi magana, yana ɗauka," takan ce "Ina wuni?" ta yi shiru tana jiran amsa. Yara su fashe da dariya, a sake ɗauka, a karo na uku ta gaji ta tashi. Ga kuma kunya. Mai ɗauka yana so a ambaci sunan mai bikin, alhali uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, uba ma yakan kauce, matar aure ba ta faɗin sunan mijinta, balle ta yi masa kalaman so a gaban surukai. Tilasta musu kuskure ne, domin abin da ke fitowa shi ne fuska a sunkuye da murya ƙasa-ƙasa. Ya fi kyau a bar uwa ta ce "yaron nan" ta zuba addu'a: Allah ya tsare, Allah ya ba da abin da aka je nema, Allah ya maido lafiya. Wanda ke can ya san da shi take. Kaka kuwa, da yake akwai wasa tsakaninta da jika, ita ce ke sakin jiki ta kira shi mijinta ta tambayi kuɗin cefane, kuma sau da yawa nata ɓangaren ne ya fi armashi. Dabarar da ke warware shirun ita ce wani ya tsaya bayan waya yana amsa gaisuwar a madadin wanda ba ya nan.

Sai sauti da haske. Gidajen da ke bakin babbar hanyar da ta ratsa Konni, Tsarnawa, Malbaza da Galmi ba sa rabuwa da rugugin manyan motocin siminti da na albasa, ga kabu-kabu, ga injin niƙa. Iskar hunturu ma tana bugun makirfon ta cinye magana. Zaure ko ɗaki mai buɗaɗɗiyar ƙofa ya fi tsakar gida, muddin hasken yana faɗa wa fuskar mai magana. In ya ba rana baya, baƙar inuwa kawai za a gani. A goge ƙurar idon kyamara kafin a fara.

Da bazara, a watannin Afrilu da Mayu, zafi kan haura digiri 40, wayar da ke ɗaukar bidiyo a rana kuwa tana iya yin zafi ta tsaya da kanta. Caji ma abin lura ne. Duk da tashar hasken rana mai megawat 7 da aka buɗe a Malbaza a 2018, yankin yana dogara ƙwarai da wutar Najeriya, kamar yadda aka gani lokacin da aka yanke ta daga Agustan 2023 zuwa Maris 2024. A ƙauyukan Illela da wuta ba ta kai ba, sai an kai waya wurin mai caji tun jajibiri.

Turawa ita ce mataki na ƙarshe. A Konni, da ke dab da Illela ta jihar Sakkwato, waya kan tsallaka daga layin Airtel, Moov ko Zamani ta kama na Najeriya, saƙo ya maƙale ko kuɗi su zube. Dogon bidiyo yana cin data, WhatsApp kuma yana matse shi har fuskoki su dushe, don haka gajeru biyu sun fi dogo ɗaya isa lafiya. Agogo ma ya bambanta: Abijan tana bayan Nijar da awa ɗaya, Libiya tana gaba da awa ɗaya, Saudiyya da awa biyu, kuma mai aikin gini ko gadi ba kullum yake da intanet ba, gara a tura tun daren jajibiri. A duba sunan da za a tura wa sau biyu. Bidiyon da ya nuna matan gida a cikin ɗakunansu na mutum ɗaya ne, kuma sa shi a zauren dangi na WhatsApp ko a shafin da kowa ke gani ba tare da izininsu ba yana jawo ɓacin ran da kan kai har gaban manya.